Rigunan Bikin 1 ga Oktoba da Asalin Taken "One Nigeria": Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar watan Satumba ya raba tsakiya, masu buga riguna sun yi sallama da barci. Makarantu na kawo oda, ƙungiyoyin matasa na kawo tasu, ga ma'aikatan ofis da ke son fitowa da anko ranar bikin 'yancin kai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mana a bakin tebur yayin da ake jiran fenti ya bushe. Wasu na ciniki ne, wasu na tarihi. Mun fi daɗewa a kan na tarihin, domin duk wanda ya sa riga mai rubutu a ƙirji magana yake yi wa jama'a, kuma ya dace ya san abin da yake faɗa.

Me ya sa ake rububin riguna kore da fari a farkon Oktoba?

Saboda ranar 1 ga Oktoba 1960 Najeriya ta karɓi mulkin kanta daga hannun Ingila. Da tsakar dare aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka ɗaga kore-fari-kore. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya Elizabeth, ita ta miƙa wa Firaminista Sir Abubakar Tafawa Balewa takardun mulki. Bayan shekara 3, a irin wannan rana ta 1963, ƙasar ta zama jamhuriya, Dakta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa.

Al'adar sa wani abu na musamman domin ranar ta girmi tishat. Dattawan da ke makarantar firamare a 1960 har yau suna ba da labarin 'yan ƙananan tutoci da kofunan da aka rarraba musu, mata kuma sun yi ankon atamfar da aka buga domin bikin. Tishat ta zo daga baya ta mamaye fagen saboda sauƙin kuɗi da sauri: babu zuwa wurin tela, babu awo, ka saya ka zura ka tafi filin fareti.

Wa ya zana tutar, kuma me launukan ke nufi?

Michael Taiwo Akinkunmi ne, wanda ya tashi a Ibadan. Yana ɗalibi a wata kwalejin fasaha a Landan ya ga sanarwar gasar zana tuta a jarida, ya aika da nasa zanen, aka zaɓe shi a 1959 daga cikin dubban da aka turo. Ladan da aka ba shi fam 100 ne. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. Ya daɗe ba a waiwaye shi ba, sai a 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya rasu a watan Agustan 2023.

Kore yana nuni da noma da albarkatun ƙasa, fari kuma zaman lafiya. Ga mai buga riga abu biyu ne ba a wasa da su. Na farko, layukan a tsaye suke, uku ne, faɗinsu ɗaya. Duk wanda ya kwantar da su ya buga wata tuta ce daban. Na biyu, tsawon tutar ninki biyu ne na tsayinta. Sau da yawa za ka ga an matse ta ta koma murabba'i don ta shiga aljihun riga, abin ba ya kyan gani.

Kusan kowace riga na ɗauke da "One Nigeria". Daga ina maganar ta samo asali?

Ma'anarta dai Najeriya ɗaya ce, ba a raba ta. Maganar ta fara yawo tun kafin 'yancin kai, a bakin 'yan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, waɗanda ke son ƙasa dunƙulalliya mai ƙarfi a tsakiya. A wancan lokacin jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello nata taken daban ne, Arewa ɗaya al'umma ɗaya, domin abin da ya fi damun shugabannin Arewa shi ne kada a yi wa yankinsu rinjaye a aikin gwamnati, ganin cewa ilmin boko ya riga ya yi nisa a Kudu.

Abin da ya mayar da kalmomin nan biyu taken da kowa ya sani shi ne rikicin 1966 da yaƙin da ya biyo baya. Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu matasan hafsoshi suka yi juyin mulki. Aka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kashe Tafawa Balewa, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed. Mulki ya faɗa hannun Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Ranar 24 ga Mayu ya fitar da dokar soja mai lamba 34, wadda ta rushe tsarin tarayya ta haɗe ƙasar ƙarƙashin gwamnati guda.

A nan ne tarihin yake da abin lura. Wannan doka ita ce "Najeriya ɗaya" a aikace, amma Arewa ta ɗauke ta a matsayin shirin mamaya. Tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama, kuma abin da ake ta kururuwa a tituna shi ne "A raba!" Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin mulkin, aka kashe Ironsi a Ibadan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shirya shi niyyarsu ta farko ita ce Arewa ta ɓalle. Sai da aka yi kwanaki ana ja-in-ja a barikin Ikeja kafin aka shawo kansu, Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya karɓi ragama ranar 1 ga Agusta. Cikin 'yan makonni ya soke dokar Ironsi ya maido da yankuna.

Jini bai tsaya ba. A watannin Satumba da Oktoba an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas mazauna Arewa, sauran suka kwashe abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi gida. An zauna a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967 don neman sulhu, kowane ɓangare ya dawo da tasa fassarar yarjejeniyar. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya karkasa ƙasar zuwa jihohi 12, shida a Arewa, ciki har da jihar Kano da aka ba Audu Baƙo. Bayan kwana 3 Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, gwamnan yankin Gabas, ya yi shelar ɓallewar yankin da kafa ƙasar Biyafara. Ranar 6 ga Yuli 1967 aka fara harbi.

Daga nan "One Nigeria" ta zama kirarin gwamnatin tarayya. Rediyo na maimaita wani dogon take safe da yamma, wanda ke cewa riƙe Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya aiki ne da ya zama dole a yi shi. A garuruwan da sojojin tarayya suka shiga, kalmomin nan biyu ne mutane kan ɗaga murya su faɗa don nuna ba su da niyyar faɗa. Cikin shekara ɗaya, yankin da ya yi ihun a raba ya zama shi ne ke tura 'ya'yansa fagen daga don kada a raba, yankin da 'yan siyasarsa suka fara rera taken kuma ya zama shi ke neman fita.

Gaskiya ne daga sunan Gowon aka ciro taken?

Rabin gaskiya ce. Taken ya riga mulkin Gowon, kamar yadda muka faɗa. Abin da ya faru shi ne a lokacin yaƙin aka lura haruffa biyar na sunansa sun dace da farkon kalmomin wata jumla ta Turanci, "Go On With One Nigeria", wato ci gaba da riƙe Najeriya ɗaya. Hikimar ta yi wa jama'a daɗi, ta shiga jaridu da alluna da bakin 'yan makaranta, har wasu suka zaci iyayensa ne suka raɗa masa sunan da wannan manufa.

Ba haka ba ne. Gowon sunan gidansu ne na ƙabilar Ngas ta jihar Filato. An haife shi a 1934, ya tashi a Wusasa kusa da Zariya inda mahaifinsa ke aikin mishan, ya yi karatu a kwalejin da yau ake kira Barewa. Kirista ne daga ƙaramar ƙabila, mai jin Hausa kamar kowane Bazazzagi, yana ɗan shekara 31 ya hau mulki. Wannan asali nasa na cikin dalilan da suka sa ɓangarori da dama suka iya amincewa da shi a lokacin da babu mai yarda da kowa. Ya kuma jawo farar hula masu nauyi cikin majalisarsa: Obafemi Awolowo a kuɗi, Malam Aminu Kano a sadarwa, Joseph Tarka a sufuri, Anthony Enahoro a yaɗa labarai.

Na sa rigar na shiga kasuwa, abokin cinikina ɗan Ibo ya ɗan ɓata fuska. Laifi na yi?

Ba ka yi laifi ba, amma shi ma yana da dalilinsa, kuma ya kamata ka san shi. Yaƙin ya ɗauki wata 30. Masana tarihi na ƙiyasta waɗanda suka mutu daga dubu 500 zuwa miliyan 2, wasu ma na kai adadin sama da haka, kuma mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce, musamman ƙananan yara a yankin da aka yi wa ƙawanya. Da wuya ka sami gidan Ibo da bai rasa wani ba. A Asaba, cikin Oktoban 1967, mutanen gari sun fito da fararen kaya suna faɗin wannan take na "One Nigeria" don nuna goyon baya, amma sojojin tarayya suka ware maza suka bindige ɗaruruwa. Ga jikokin waɗannan mutane, kalmomin da ke ƙirjinka suna da wani nauyi da kai ba ka ji.

Ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan da ke Legas. Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya kuma yi shelar sulhu da sake gini da farfaɗo da jama'a. Ba a yi shari'ar ramuwar gayya ba, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai mutanen Gabas da dama da ke da ajiya a banki fam 20 kacal aka ba su, komai yawan abin da suka ajiye, kuma wannan tabo bai goge ba. A ɗaya gefen, akwai Ibo da suka dawo Kano da Jos da Kaduna suka tarar maƙwabtansu sun riƙe musu gidaje, wasu har da kuɗin hayar da aka tara. Arewa ma ta binne 'ya'yanta da yawa a wannan yaƙi, akwai gidajen da har yau ba su san inda kabarin ɗansu yake ba.

Shawararmu ita ce ka sa rigarka, amma kada ka mayar da ita abin tsokana. Idan ya buɗe maganar, ka saurare shi har ya kai aya. A ganinmu wanda ya san wannan tarihi ya kuma zaɓi ya sa rigar, shi ne ya sa ta da gaske.

Akwai wasu taken da ake bugawa ban da wannan?

Akwai da yawa, sai dai ba duka ke daɗewa ba. A Jamhuriya ta Biyu jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta yi amfani da ƙasa ɗaya makoma ɗaya, dattawa na tuna yadda ake ɗaga yatsa guda a wurin taro. A 2009 ministar yaɗa labarai Dora Akunyili, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ta ƙaddamar da "Good People, Great Nation", wato mutanen kirki, babbar ƙasa, an buga shi a riguna da huluna ba adadi. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da nata, mai cewa canji daga kaina zai fara. Kowannensu ya yi tashe, kowanne ya lafa bayan masu shi sun bar kujera. Mai shagon da ya cika kanta da irin waɗannan yakan kwana da kaya.

Wanda matasa suka fi nema yanzu shi ne "Naija no dey carry last", wato ɗan Najeriya ba ya zuwa na ƙarshe. Wannan ba ofishin gwamnati ne ya haife shi ba. Daga Turancin Buroka ya fito, mutanen Warri sun daɗe suna yi wa garinsu irin wannan kirari, daga baya aka faɗaɗa shi ya game ƙasa. Ƙwallo ta ƙara masa kaifi, musamman a 2018 da kamfanin Nike ya fitar da rigar Super Eagles mai zanen kore da fari da baƙi domin gasar kofin duniya ta Rasha, mutane suka yi dogon layi a Landan, kayan suka ƙare a ranar farko.

Za a iya buga min da Hausa?

Ƙwarai kuwa, mu ma mun fi son haka. "Najeriya Ɗaya", "Ƙasarmu Ce", "Zaman Lafiya Ya Fi Zama Ɗan Sarki", duk suna zama daram a kan farar riga. Abin da za ka kula da shi shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɗ da ƙ da ɓ. Yawancin salon rubutun da ke cikin kwamfutocin masu zane ba su da su, sai mai zanen ya sa d da k ya wuce abinsa. Ka ce a nuna maka zanen a kan allo ko a takarda kafin a taɓa riga ko ɗaya, ka karanta shi harafi bayan harafi.

Wasu kan nemi "Tsintsiya Maɗaurinki Ɗaya". Karin magana ne mai kyau, ya kuma dace da ranar, amma tunda tsintsiya ta zama alamar jam'iyyar APC mutane za su ɗauka rigar kamfe ce. Idan ƙungiyarku ta haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, gara ku zaɓi wani.

Doka ta yarda a buga tuta da tambarin ƙasa a riga?

Akwai doka ta musamman a kan tuta da tambarin ƙasa tun 1960. Ta haramta nuna tutar a yage ko a lalace, ta kuma taƙaita amfani da tambarin a harkar kasuwanci ko ta ƙungiya ba tare da izini ba. Tambarin shi ne baƙar garkuwa mai farar alama da ke nuna haɗuwar kogin Neja da na Binuwai, da fararen dawakai biyu a gefe, da jar mikiya a sama, a ƙasa kuma taken haɗin kai da imani, zaman lafiya da ci gaba. Launin kore da fari, ko taswirar ƙasa, ko 'yar tuta a hannun riga, ba a taɓa ɗaukar su matsala ba ranar biki. Abin da muke ƙin yi shi ne manna tambarin kusa da sunan shago ko kamfani, ko buga shi yadda rigar za ta yi kama da ta jami'in gwamnati.

Malam, zan iya yin salla da ita?

Idan rigar ta rufe jiki yadda ya kamata kuma tana da tsarki, launi ko rubutun boko ba ya hana salla. Inda ake samun magana shi ne hoton abu mai rai. Malamai da yawa ba sa son a tsaya salla da tufa mai hoton mutum ko dabba, tambarin ƙasa kuwa akwai dawakai da mikiya a jikinsa. Wanda ke son ya fita daga saɓani sai ya zaɓi mai tuta ko taswira ko rubutu zalla, ko ya ɗora jallabiya a kai. Rubutu manya-manya a baya ma yakan ɗauke hankalin wanda ke sahun bayanka. Sannan ba ma buga sunan Allah ko ayar Alƙur'ani a tishat ko da an biya, domin riga ce da za a shiga banɗaki da ita, a jefa ta cikin kayan wanki.

Mata fa?

Ana yin masu dogon hannu da masu tsawo har gwiwa. 'Yan mata da yawa sukan haɗa farar riga da koren hijabi ko mayafi, malaman makaranta kuma sukan nemi a buga ƙaramar tuta a gefen hijabin kansa tunda shi ne ake gani. Idan makaranta ce ke oda, a raba lissafin maza da na mata tun farko.

Wane yadi ya fi dacewa?

Auduga. Farkon Oktoba damina na bankwana, rana na da ƙarfi, iska kuma da ɗumi, yaran da za su tsaya awanni a fili suna jiran babban baƙo za su yi gumi sosai. Yadin roba ba ya shan gumi, yana manne wa jiki, yana kuma saurin wari. Amfaninsa shi ne araha da saurin bushewa, shi ya sa 'yan ƙwallo ke son sa. Akwai gauraye na auduga da roba, wanda ba ya tsukewa bayan wanki, kuma shi ne matsakaici a kuɗi.

Kafin ka biya, ɗaga rigar ka kalli rana ta cikinta. Idan kana hango yatsunka sarai, ta yi shara-shara, farar irin wannan kuwa tona asiri take yi da zarar an yi gumi. Ja wuyan ka saki. Mai kyau zai koma yadda yake, marar kyau zai tsaya a wangale. Juya ta ka duba ɗinkin kafaɗa da na hammata. Dillalai na auna kaurin yadi da nauyin giram a kowace murabba'in mita, kuma daga 160 zuwa 180 ya isa rigar da za ta kai baɗi.

Mene ne bambancin nau'o'in bugu, kuma me ya sa farashi ke bambanta?

Tsohon salo shi ne bugun allo. Ana ɗaure wani kyalle mai ƙananan ƙofofi kamar rariya a jikin firam, a toshe ko'ina ban da siffar rubutun, a shimfiɗa riga a ƙasa, a zuba fenti a ja shi da faffaɗar roba. Kowane launi da nasa allon. Wahalar a shirya allon take, shi ya sa riga 10 ke yin tsada amma 200 ke yin sauƙi, kuma shi ya sa zane mai launi ɗaya ya fi mai launi huɗu araha. Idan fentin ya gasu da kyau, riga kan tsufa rubutun na nan.

Na biyu shi ne na mannawa da zafi. Ana yanka rubutun a wata leda ta musamman, ko a buga hoton a kan fim, a ɗora a riga a danne da injin zafi na 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya dace da riga ɗaya ko biyar, ko inda kowa ke son sunansa a baya, ko hoto mai launuka da yawa. Aibinsa shi ne idan zafin bai kai ba, bayan wanki kaɗan gefuna za su fara ɗagowa. Na uku ɗinkin zare ne na inji, wanda ya fi kyau a riga mai kwala, ya fi kowanne daɗewa, ya kuma fi kowanne tsada.

A Najeriya ake yin rigunan?

Bugun a nan ake yi, amma rigar kanta mafi yawa daga waje take zuwa, galibi daga Sin da sauran ƙasashen Asiya, wasu kuma gwanjo ne da aka wanke aka goge. Wannan abu yana damunmu. Kaduna ta taɓa zama cibiyar masaƙu: an buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu manya suka biyo baya a unguwar Kakuri, Kano ma na da nata a Bompai da Sharaɗa, audugar Funtuwa da Gusau na ciyar da su. Dubban magidanta ne ke cin abinci a nan. Rashin wutar lantarki, da tsadar man injin, da kayan fasa-ƙwauri masu araha suka durƙusar da mafi yawansu daga shekarun 1990 zuwa farkon 2000. Yau sai ka ga rigar da ke yabon Najeriya, ka juya wuyanta ka tarar da sunan wata ƙasa.

Duk da haka ba a rasa na gida ba. A Aba da Legas akwai masu yanka da ɗinka tishat da yawa, a Kano da Kaduna ma ƙananan masana'antu na tasowa. Idan kana da hali ka tambayi mai bugunka ko zai samo maka ɗinkin gida. Wani lokaci bambancin kuɗin bai kai yadda ake tsammani ba, kuma tambayar da masu saye ke yi ita ce ke sa dillali ya fara ajiye kaya.

Ni daga Maraɗi nake. Mu ma muna da irin wannan?

Kuna da shi. Ranar 'yancin Nijar 3 ga Agusta 1960 ce, kuma an daɗe ana haɗa ta da dashen itatuwa, sai 18 ga Disamba da ake tunawa da kafa jamhuriya a 1958. Tutar kwance take: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'ira mai ruwan lemo, kore a ƙasa. Taken da ya cika riguna a Yamai da Damagaram da Maraɗi tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 shi ne "Zancen ƙasa ne", tare da takwaransa na Zabarmanci, "Labu sanni no". Mai bugu ya kula da da'irar nan ta tsakiya, kuma kada ya tsayar da layukan, domin ruwan lemo da fari da kore a tsaye tutar Kodebuwa ce.

Yaya zan wanke ta kada kore ya zuba a kan fari?

Wankin farko a yi shi ita kaɗai, da ruwan sanyi, a juya ta ciki ya koma waje. Kada a jiƙa ta ta kwana cikin omo. Bilic yana cinye kore ya bar shi fatsi-fatsi, don haka ko tabo ne a wurin farin, a shafa sabulu a wurin kawai. Bula kaɗan ba ta ɓata farar auduga, amma idan ta yi yawa rigar za ta koma shuɗiya. A shanya a inuwa, a juye. Wajen guga kada dutsen ya taɓa rubutun kai tsaye, musamman na mannawa, domin narkewa zai yi ya bi dutsen. A goge ta baya ko a ɗora wani kyalle a kai. Idan wanki ake kai wa, a faɗa wa mai wankin wannan da baki.

Yaushe ya kamata a kawo oda, kuma a sa shekara a jiki?

Makaranta ko ƙungiya ta kawo tata tun farkon Satumba. A makon ƙarshe fararen riguna kan yi wuya a kasuwa, dillalai su ƙara kuɗi, ga wuta da ba ta da tabbas, aikin gaggawa kuma shi ke fitowa da rubutu a karkace. A zo da jerin girma a rubuce, a ƙara 'yan riguna a kan adadin saboda waɗanda za su shigo daga baya, a kuma amince da samfuri ɗaya kafin a buga sauran.

Game da shekara, lissafin shi ne a cire 1960 daga shekarar da ake ciki: 2010 ce ta cika 50, 2020 ta cika 60, 2025 ta cika 65. Idan shekarar mai zagaye ce irin waɗannan, ana iya sawa don tarihi. In ba haka ba muna ba da shawarar a bar lambar, a rubuta "1 ga Oktoba 1960" kawai ko a bar taken shi kaɗai. Ta haka yaro zai sake sa rigar baɗi idan ba ta matse shi ba, ko a miƙa wa ƙaninsa, kuma za ta yi amfani ranar 12 ga Yuni ta dimokuraɗiyya ko duk ranar da Super Eagles ke wasa.